Teburin Mai Guduma

Wata bakwai ke nan da rasuwar mijina. Waɗanda suka zo gaisuwa kowa ya faɗi alherinsa, cewa ba ya faɗa da kowa, ba ya riƙe mutum a zuci, ba ya makara. Duk gaskiya ne. Amma ba wanda ya ambaci babban abin da na gan shi ya yi da idona, wataƙila don lokacin da ya yi shi yawancinmu haushinsa muka ji, har da ni matarsa.

Mu biyu a kamfanin tukwanen alminiyam muke aiki. Shi ya shekara ashirin da shida a ciki, ni goma sha ɗaya. Lokacin mu arba'in da uku ne ma'aikata. Ginin dogo ne mai rufin kwano, in rana ta take sai ka ji kamar kai ne a kan wuta. A gaba akwai injuna huɗu masu juyawa, kowanne da gungumen katako a bakinsa wanda aka sassaƙa da siffar tukunya. Mai inji zai ɗora faifan alminiyam, inji na juyawa, shi kuma yana danna faifan da sandar ƙarfe har ya kwanta a jikin gungumen ya zama tukunya. Murfi ma haka ake yin sa, da nasa ƙaramin gungumen.

Kowane mai inji shi ya sassaƙa gungumensa da hannunsa, kuma katako yana cinyewa da shekaru. Saboda haka tukunya lamba shidan wannan inji ba ita ce lamba shidan wancan ba. Bambancin bai wuce kaurin farce ba, amma ya isa ya hana murfi zama. A nan aikin mijina yake. Teburinsa na tsakiyar gini, tsakanin injuna da ɗakin ɗauri, kuma ba tukunyar da ke fita sai ta bi ta hannunsa. Zai ɗora murfi, ya juya shi, ya kara kunne, ya ɗaga ya ƙwanƙwasa bakin da 'yar gudumarsa sau uku ko huɗu, ya mayar, sai ka ji ya zauna daram. Mai Guduma ake ce masa, har an manta sunansa. Daga teburinsa tukunya ke zuwa wurinmu mata a ɗakin ɗauri, mu ɗaure ta da murfinta da igiya, don in suka rabu shi ke nan, ba wanda zai sake dacewa da wani. Kowace mace a garin ta san haka. In murfinki ya ɓata, sai dai ki rufe da faranti.

Mu ba mu ɗauki wannan aibi ba, taƙama ma muke da shi. Tsohon da ya kafa kamfanin yakan zagaya da baƙi ya ce musu, kowace tukunya tamu da mijinta, ga mai haɗa su can a zaune. Mijina ya sunkuyar da kai yana murmushi.

Shekarar da gwamnati ta sauke harajin kayan waje, Tsoho ya riga ya rasu, ɗansa ke riƙe da kamfanin, muna ce masa Manaja. Cikin wata uku kasuwa ta cika da tukwanen waje. Ana kawo su a jere, wata cikin wata, murafensu kuma a kwali daban. Namu ba sa shiga cikin juna saboda kowace na ɗaure da murfinta, don haka abin da motarsu ɗaya ta ɗauko, mu sai mota huɗu. Ga su da araha. Kamfanin cokula da ke bayanmu bai kai wata biyar ba ya rufe. Mu kuma sitonmu ya cika har rufi, aka fara jera tukwane a bakin bango.

A cikin wannan hali babbar tukunyata ta huje. Na je kasuwa, na tsaya gaban tamu, na tsaya gaban ta waje, na yi ta kai-komo, daga ƙarshe na sayi ta waje na ɓoye ta bayan buhun gawayi. Kwana tara ina dafa abinci da ita bai gani ba. Ranar hutu da hantsi ya shiga kicin neman ashana, ya fito da ita a hannu.

"Uwar 'yan biyu, wannan fa?"

"Ta ƙanwata ce. Ajiya ta ba ni."

"Ajiya da baƙin wuta a gindi?"

Na tsaya ina jiran faɗa. Sai ya zauna a bakin ƙofa ya ɗora ta a cinya, ya cire murfin, ya mayar, ya juya, ya kara kunne. Ya jima yana haka.

"Su wa suka sayi irinta a layin nan?"

"Matar tela. Matar direba. Kusan kowa."

"Je ki aro min murafensu."

"So kake a yi da ni a unguwa?"

"Ai tun ranar da aka gan ki da ita a ka aka gama yi da ke. Je ki."

Na aro guda biyar. Ya jera su a ƙasa, ya riƙa ɗora su ɗaya bayan ɗaya a kan tukunyata. Kowanne ya zauna daram. Ya bi bakin kowane murfi da yatsa yana neman wurin da guduma ta taɓa, bai samu ba.

"Can inda aka yi waɗannan," in ji shi, "ba mai irin aikina."

"To sai me?"

Ya tattara murafen. Ya ce in mayar wa mutane kayansu in yi godiya.

Washegari ya shiga ofishin Manaja. Tsakanin ofishin da ɗakin ɗauri falanki ne kawai, ko tari aka yi muna ji. Abokiyar aikina da muke kira Aku, don bakinta ba ya hutawa, ita ce yau ta ɗora yatsa a leɓe ta ce mu yi shiru.

Manaja ya fara magana, muryarsa a gajiye. "Baba, in kan albashi ne, ka san halin da ake ciki. Ba zan ɓoye maka ba, in wata uku ya cika haka, rufewa zan yi."

"Ba shi ya kawo ni ba, ranka ya daɗe. Harajin da aka sauke, na tukwane ne kaɗai?"

"A'a, na kusan komai ne."

"To mahaifinka ya taɓa son sayo gungumen ƙarfe daga waje, irin wanda ba ya cinyewa. Harajin ne ya hana shi. Takardar da hotonsu tana cikin durowar da ke gefenka, ta ƙasa. Ka sayo su. Kowace lamba iri ɗaya a injuna huɗun, na tukunya da na murfi. Faifan alminiyam ma yanzu za ka samu mai kyau daga waje, ba wannan da ke tsagewa ba."

Muka ji an ja durowa. Can sai ga muryar Manaja.

"Baba, ka san abin da kake cewa kuwa? In kowane murfi ya hau kowace tukunya, teburinka fa?"

"Sai a fitar da shi, a samu wurin ajiye kwali."

Aku ta juyo ta kalle ni baki buɗe. Ni kuwa igiyar da ke hannuna na ja har ta yanke ni.

Ban ce masa uffan ba sai da muka bar ƙofar kamfani muka wuce mai faci.

"Bakinka ne ya yi maka ƙaiƙayi? Shekararka hamsin da huɗu. Wa zai ɗauke ka? Me ka iya ban da wannan?"

"Ba abin da na iya."

"To me ya kai ka?"

"In aka rufe kamfanin, teburin ai yana ciki."

"Sai ka bari wani ya faɗa!"

"Wa? Kowane mai inji tukunyarsa kaɗai ya sani, kuma zai rantse tasa ce daidai. Ni kaɗai nake taɓa ta kowa. In ban faɗa ba, ba mai faɗa."

Na ce masa wawanci ne. Na faɗi wannan kalma a kan titi, ga mutumin da bai taɓa ɗaga min murya ba. 

Bayan wata biyu gumaguman ƙarfen suka iso cikin akwatunan katako, shafe da man inji. Wanda ya fi kowa tayar da jijiyar wuya shi ne Dogo, babban mai inji, wanda suka fara aiki shekara ɗaya da mijina. Ya rungume gungumensa na katako ya ce shi ya sare itacen da kansa, kuma lamba shidansa ita ce lamba shida ta gaskiya, sauran ukun duk ƙarya ne. Sauran ukun suka ce nasu ne na gaskiya. Da ƙyar Manaja ya raba su, aka ɗaura na ƙarfe. Dogo ya tafi da nasa gida, na ji an ce kujera ya mai da shi.

Mun zaci daga ranar komai zai daidaita, amma ina. Murafe suka ci gaba da ƙin zama. Manaja ya shiga ruɗu, ya ce ko an cuce shi ne a sayen. Mijina ya tsaya bayan Dogo yini guda yana kallon hannunsa, sannan ya gano. Shekara da shekaru masu inji sun saba in sun zo bakin murfi sai su sassauta hannu, su bar shi da ɗan faɗi, don guduma ta samu abin da za ta rufe. Har suna suke da shi, rabon Mai Guduma. Hannunsu ne ke yi ba tare da sun sani ba.

Tare da gumaguman an kawo zoben ƙarfe na gwaji, kowace lamba da nata. Mijina ya ajiye gudumarsa a aljihu, ya ɗora zoben a tebur. Duk murfin da bai shiga zobe ba sai ya miƙa wa mai shi.

"Mai Guduma, gudumar ta rasu ne ba a gaya mana ba?" in ji Dogo.

"Tana hutu."

"Taɓa shi sau biyu mana ya wuce! Abin da kake yi ido a rufe."

"Mai da shi."

"Kai, tsufa ya zo maka da mugunta. Ka kashe aikinka, yanzu namu kake nema?"

"Dogo, hannunka nake nema. Danna har ƙarshe."

Mako shida aka yi haka. Tarin murafen da aka ƙi ya kai ƙugun mutum, ana kwasa ana mayarwa narki. Masu inji suka daina gaishe shi. Lokacin cin abinci yakan zauna shi kaɗai a teburinsa, ni ma ban je na zauna da shi ba, Allah ya yafe min. Ina hango shi ta ƙofar ɗakin ɗauri, hannunsa na dama na zuwa aljihu da kansa duk sanda murfi ya ƙi, sai ya janye shi ya ɗora a gwiwa. A cikin makonnin nan Manaja ya sallami mutum tara, don an daina ɗauri da igiya kuma aikin ya ragu. Matar ɗaya daga cikinsu ta tare ni a famfo ta ce in gaya wa mijina ta gode. Ban gaya masa ba, amma na san ya ji.

A mako na bakwai tarin ya daina girma. Mu kuma aka koya mana jera tukwane wata cikin wata, da takarda a tsakani, murafe a kwalinsu daban. Abin da muke yi a kwana uku ya koma na yini ɗaya.

Kan iyakar da aka buɗe wa kayan waje, ashe mu ma an buɗe mana ita. Wata 'yar kasuwa daga ƙasar da ke maƙwabtaka da mu ta ji labari ta zo. Gajeriya ce, da jar jaka a hammata, ba ta da yawan dariya. Ta ce tukwanen da take saye daga nesa suna wata biyu a hanya, mu kuwa kwana biyu ne tsakaninmu. Manaja ya sa an jera mata tukwane goma masu ƙyalli a kan zani. Ko kallonsu ba ta yi ba. Ta shiga sito da kanta ta nuna kwalaye, wannan, da wancan, da na can ƙasa. Ta sa aka zazzage murafe sittin a tsakar gini, ta cakuɗa su da ƙafa, aka jera tukwane sittin a layi.

An kashe injuna. Kowa ya fito ya tsaya. Mijina na gefen teburinsa, hannuwa a baya.

Ta riƙa ɗauka tana ɗorawa. Ba ka jin komai sai ƙarar murfi na zama. Aku na kusa da ni tana motsa baki. An wuce rabi, an kusa ƙarshe, sai wani ya ƙi. Ta danna, ya ɗaga gefe ɗaya. Ta gwada shi a tukunya ta gaba, nan ma ya ƙi.

Manaja ya matso da sauri. "Hajiya, wannan ƙaramin abu ne, yanzu za a..." Ya juya ya kalli mijina. Kowa ya kalle shi. Dogo ya matsa kusa da shi yana magana ƙasa-ƙasa, amma na ji.

"Don Allah, sau ɗaya. Don 'ya'yanmu."

Mijina ya karɓi murfin daga hannun matar, ya bi bakinsa da yatsa.

"Za ka iya gyara shi, Baba?" in ji ta.

"Zan iya, Hajiya. Bugu uku ne."

"To?"

"In kaya suka isa ƙasarku ba na can. Wannan bai yi ba."

Ya juya ya jefa shi kan tarin narki. Ƙarar faɗuwarsa ta cika ginin. Na ce a raina shi ke nan, ya gama da mu duka.

Matar ta tsaya tana kallonsa. Sannan ta sunkuya ta ci gaba da ɗora sauran har ta gama, duk suka zauna. Ta karkaɗe hannu ta ce wa Manaja, "Ɗaya cikin sittin, kuma ba ku ɓoye min ba. Mota ɗaya kowane wata, mu gani. In na samu biyu cikin sittin, zan dawo muku da ita har ƙofa."

Aku ta saki wata ƙara ta rungume ni. Dogo ya je ya tsugunna a tarin narki ya ɗauko murfin yana juya shi, ya ce da ƙarfi, "Nawa ne. Na san hannuna." Ba wanda ya tambaye shi.

Mota ɗaya ta zama biyu, daga baya uku. Cikin mutum taran da aka sallama an dawo da shida. Yau ma'aikata sun kusa sittin, yawancinsu ba su san an taɓa ɗaure murfi da igiya ba. A kasuwa tamu da ta waje suna gefe da gefe, kuɗinsu kusan ɗaya, kuma na ga matan da a da gwangwani suke ɗorawa a wuta suna ɗaga tukunya suna taya ta. In murfinki ya ɓata, sai ki sayi wani shi kaɗai. Mutanen kamfanin cokula kuwa ba abin da ya dawo da su. Ɗayansu dako yake yi a tasha har yanzu, in mun haɗu muna gaisawa.

Manaja bai kori mijina ba, wannan zan faɗa don hakkinsa. Ya ce ya zauna a teburinsa ya riƙa gwaji da zobe. Amma mijina da kansa ya ce a sayo wa kowane inji nasa zoben, mai inji ya gwada tun murfi na hannunsa. Da aka yi haka sai ya zama ba abin da ke isowa teburin sai mai kyau. Ya yi wata guda a zaune, murfi uku kacal ya mayar. Ranar ƙarshen watan ya shiga ofis, muka sake kasa kunne a falanki.

"Baba, ka zauna. Ba ka tare wa kowa komai ba."

"Na tare hanyar kwali. Kuma ba zan iya wuni ina kallon bango ana cewa ina aiki ba, ranka ya daɗe. Ƙashina ba zai ɗauka ba."

Da yamma aka fitar da teburin. Shi ya kama gaba, Dogo ya kama baya, yana ta ce wa Dogo ya kula da bakin ƙofa kada ya kankare fenti. Inda teburin ya tashi, siminti ya fito fari fes, da ramuka biyu da dugadugansa suka ci. Kafin a tashi an jera kwalaye a wurin.

Ranar Litinin na tashi na shirya. Na fito na same shi a tsakar gida sanye da rigar aiki, ya ɗaure takalmi. Muka kalli juna. Ya dubi jikinsa, ya yi 'yar dariya.

"Ƙafar ce ba a gaya mata ba."

"Ka raka ni mana, ko zuwa wurin mai faci."

"A'a. In na kai wurin mai faci zan ƙarasa."

Ya rako ni bakin ƙofar gida. Ya gyara min ɗankwalina da ya karkace, abin da bai taɓa yi ba a waje. Ina so in ce masa ya yafe min maganar da na faɗa a titi, bakina ya yi nauyi.

"Baban 'yan biyu," na ce, "me za ka yi yau?"

"Zan samu abin yi. Yi sauri, motar Hajiya yau za a loda. Ki ce wa Dogo ya danna har ƙarshe."

Na tafi. Da na kai kwana na waiga, yana tsaye a ƙofa, ya ɗaga min hannu alamar in yi sauri. Shekara goma sha ɗaya muna bin hanyar nan tare, ranar na bi ta ni kaɗai, kuma ban makara ba.